Shaidar Baba Gaban Likitan Jirage

Maigidana direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, a shekarun fari, kuma a duk unguwarmu ta Zango ban san mutumin da ya kai shi son jirgin sama ba. Aikinsa shi ne ya ɗauko buhunan hatsin taimako daga filin jirgi ko daga sito, ya kai ƙauyukan Damagaram. Sauran direbobi in sun isa filin inuwa suke nema su miƙe har a gama lodi. Shi kuwa sai a same shi ƙarƙashin fiffike, hula a hannu, yana damun Nasara da tambayoyi cikin faransancin da ya samo a lekol, wato makarantar boko. In ya dawo gida ni ke shan bayani. Ina tuƙa tuwo yana gaya mini yadda iska ke ɗaga ƙarfe sama, ni ko ina cewa a raina Allah Ya bar ƙarfe inda Ya ajiye shi.

Ni ƴar Dakusa ce, aure ya kawo ni birni. Babana manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, kuma mutum ne da aka sani da karɓar baƙi. Kafin fari zaurenmu ba ya rabo da mutane. Fatake, masu neman ɓatacciyar dabba, wanda rana ta faɗi masa a hanya, duk gidanmu ake nuna musu. Baba yana ji da wannan suna fiye da yadda yake ji da gonarsa, kuma ba ya ɓoyewa.

A bazarar farko da yunwa ta kankama, maigida ya yi hatsari. Ya kwana biyu yana zagayen ƙauyukan arewa yana sauke hatsi, da zai dawo ya biya gidanmu ya gai da iyayena da rana tsaka. Bai yi nisa da Dakusa ba kamyo ya saki hanya ya shiga cikin rairayi, ya daki gindin wata aduwa ya tsaya. Makiyaya ne suka same shi kife a kan sitiyari, bai san inda yake ba. Ba a kashe kowa ba, shi ma goshi kawai ya fashe. Jandarma suka zo suka auna, suka tambaye shi, suka rubuta cewa direba ya suma yana tuƙi, kuma daga gidan surukansa ya fito. Kowa a unguwa ya san wannan, har ana tsokanarsa wai tuwon surukai ne ya yi masa nauyi.

Da na tambaye shi abin da ya faru, cewa ya yi yunwa ce da rana. Guzurin da na ɗaure masa ya raba wa mata a bakin wata rijiya tun ranar farko, don ya ce ba ya iya tauna abu suna kallonsa. Na ce to a gidanmu fa, ba a ba ka abinci ba? Ya ce an ba shi. Na ce ka ci? Sai ya tashi ya ɗauki buta. Na san halinsa, in ya ɗauki buta magana ta ƙare.

Ni dai tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Wata maƙwabciyarmu, mai bakin da ba ya iya riƙe komai, ta zo jaje ta ce Allah Ya sa ba farfaɗiya ba ce, don ƙanin mijinta ma haka ya fara. Na kore ta da fara'a, amma maganar ta zauna mini. In ya tsaya kusa da murhu sai in ƙirƙiro aike in tura shi waje. In ya daɗe a sujada sai in bar abin da nake yi in tsura masa ido har ya ɗago. In ya fita da kamyo, duk ƙarar motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ce jandarma ne suka zo da labari. Ban taɓa gaya masa ba, shi ma bai sake suma ba.

Damina ta zo ta wuce ba ta bar komai ba. A shekara ta biyu ne Nasaran da ke da ƙananan jirage, masu kai magani da feshin fara, suka ce za su ɗauki ƴan ƙasa su tura su koyon tuƙin jirgi. Suka sa sunan maigida, don sun gaji da ganinsa ƙarƙashin fiffike, kuma ya iya inji. Ranar da ya zo da labarin ko takalmi bai cire ba ya faɗo ɗaki. Na yi masa barka da baki kawai. Mutumin da nake tsoron ya tsaya kusa da murhu, shi za a ɗora a sama. Ya ce saura abu ɗaya, bizit, wato awon lafiya da likitan jirage zai yi musu in ya zo daga Yamai. Wanda likitan bai sa wa hannu ba, ko ƙofar jirgi ba zai taɓa ba.

Likitan ya zo, Nasara ne dogo mai furfura. Ya auna idon maigida da kunnensa da jininsa, ya saurari ƙirjinsa, ya sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. Duk ya wuce lafiya lau. Sai a ƙarshe ya tambaye shi ko ya taɓa hatsari da mota, don ya riga ya nemi bayanin kowa a wurin jandarma. Maigida ya ce ya taɓa, ya faɗi yadda aka yi.

Ya dawo gida ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, ya ba ni labari. Likitan ya ce hatsarin bai dame shi ba, sumar ce ta dame shi. In mutum ya suma don yunwa da ƙishi, wannan ba cuta ba ce, a ci a sha ya wuce. Amma in ya suma ba a san dalili ba, to zai iya sake yi ko'ina, kuma a sama babu aduwar da za ta tare shi. Maigida ya ce masa yunwa ce. Likitan ya ce duk wanda ya suma haka yake cewa, kuma ga shi an rubuta daga gidan surukai ya fito da rana tsaka, inda ko a ƙasarsu ba a barin mutum ya fita bai ci ba. Yana son wani daga gidan ya zo ya faɗa da bakinsa cewa bai ci komai ba. Ya ba shi kwanaki kaɗan kafin ya koma Yamai.

Na ce to in ba a samu shaida ba, sai a haƙura da jirgi, ai ba a kansa aka haife ka ba. Har na ji wani sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ba jirgin kaɗai ba ne. Ya ce in bai gano dalili ba, dole ya gaya wa biro, wato ofishinmu, kada a sake ba ni kamyo. Ya ce ba zai san abu irin wannan ya yi shiru ba."

Nan ne tsoro na gaske ya kama ni. A shekarar nan aikin maigida ne ke ciyar da gidanmu, da gidan uwarsa a unguwar Birni, da gidan iyayena. Na ga yadda mutanen da suka sauko daga arewa ke zaune a bayan gari ba su da komai sai tabarma. Tsakaninmu da su babu wani abu sai kamyon nan. Na fara faɗa, don ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na ce wa ya aike ka? Kana zaune lafiya da aikinka ka je ka kai kanka gaban mai bincike, don kawai kana son ka yi shawagi kamar shirwa. Da na gaji na ce to tashi ka je Dakusa ka gaya wa Baba abin da ake so. Ya ce, "Ni? In je in ce wa Baba ya zo ya shaida na fita gidansa da yunwa?" Ya girgiza kai. Na san ba zai iya ba, ni ma da na faɗa na san ba zai iya ba.

Washegari na hau motar kasuwa na tafi da kaina. Na daɗe ban je gida ba, kuma abin da na gani ya fi abin da ake faɗa. Rumbunanmu a buɗe, an cire musu hula, ba abin da za a kare. Ba tunkiya, ba akuya, ko kaza ɗaya ban gani a tsakar gida ba. A bayan ɗakin Inna tukwane ne jere an jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana da kwanaki ana sauya musu ruwa kafin su ciwu. Baba yana zaure cikin rigarsa mai kyau, wankakkiya, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ce su nan lafiya lau, sai godiya.

Ban iya ce masa komai ba. Ni ce ƴarsa ta fari, ko sunana ba ya faɗi, tsakaninmu gaisuwa ce da sunkuyar da kai. Na wuce wurin Inna na same ta a madafa, na zayyana mata komai, sannan na tambaye ta abin da ya faru ranar.

Ta ce, "Anza ce muka dafa, ita ke gare mu. Na zuba a akushi na rufe da faifai, aka kai masa zaure. Babanki ya tashi ya ba shi wuri, kin san mijinki ba zai ci a gabansa ba. Ƙannenki kuwa suna bayan zana suna leƙe, don rabonsu ne aka kwashe aka ba shi. Da ya tafi aka ɗauko akushi yadda aka kai shi. Ruwan ma kurɓa ɗaya ya yi."

Na ce, "Baba ya sani?"

Ta ce, "A gabansa yara suka cinye. Ranar bai fita masallaci da la'asar ba."

Wallahi da na ji haka sai da na zauna a ƙasa. Shekara guda ina gadin mutum kada ya faɗa wuta, ashe lafiyarsa ƙalau, kunya ce da tausayi suka kayar da shi. Na ce wa Inna abin da ake so ke nan, ba ƙari, Baba ya zo ya ce an kai abinci an dawo da shi ba a taɓa ba. Ta ci gaba da juya anza a tukunya. Ta ce za ta gaya masa, amma sai na tafi, don ba zai saurara ba in ya san ina gidan. Na ce ko ke ki zo ki faɗa? Ta ce ita ta tafi birni gaban Nasara ta ba da shaida a kan gida, mai gidan yana zaune? Na ga ba hanya, na koma Zango na jira.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. In na ce zai zo, sai in tuna rigar nan wankakkiya. In na ce ba zai zo ba, sai in tuna bai taɓa ƙin taimakon wani ba. Abinci ba ya shiga. Maigida kuwa ya daina maganar jirgi gaba ɗaya, yana fita yana dawowa kamar baƙo.

Ana gobe likita zai tafi sai ga Baba da hantsi, da sandarsa, ƙura har gwiwa. Ya ƙi shiga gidanmu, a zauren maƙwabci ya sauka, aka kai masa ruwa can. Daga nan muka ɗunguma zuwa inda likitan ke ganin mutane, wani ɗaki a gefen filin jirgi. Baba a gaba, maigida a baya da nisa, ni a bayansu duka.

Na zaci za a shiga da Baba shi kaɗai. Da na san yadda za a yi da na roƙi majo tun a waje, wato ma'aikacin jinyar da ke yi wa likitan tafinta, don shi ɗan gari ne, ya san abin da ya kamata. Amma likitan ya leƙo ya yafuto su duka biyu, shi a ganinsa a yi komai a fili gaban mai magana. Aka ba Baba kujera. Aka nuna wa maigida wata kujerar kusa da shi, ya ƙi, ya cire takalmi ya tsuguna a ƙasa jikin bango, kansa a sunkuye. Likitan ya dube shi da mamaki. Ni na tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya kore ni.

Likitan ya yi magana, majo ya juya. Ya ce, "Baba, likita na gaishe ka. Yana tambaya, ranar da wannan bawan Allah ya biyo gidanka kafin hatsari, ya ci abinci ko bai ci ba?"

Baba ya gyara zama, ya buɗe baki. Na ga idonsa ya sauka kan maigida a tsugune, ya daɗe a can. Sai ya ɗago ya dubi likitan ya ce, "Ya ci. Kaza aka yanka masa, da tuwon gero. Ya ci ya ƙoshi ya sha fura. Ba a fita gidana da yunwa."

Majo bai juya nan da nan ba. Ya yi tari, ya ce, "Baba, wataƙila ba ka ji tambayar da kyau ba. Ba laifi ake nema ba. In bai ci ba, alheri ne gare shi."

Baba ya ce, "Na ji. Faɗa masa abin da na ce."

Majo ya faɗa. Ina da ɗan faransancina na lekol, na ji bai ƙara ba bai rage ba, sai dai muryarsa ta yi ƙasa. Likitan ya ajiye alƙalami ya juya ga maigida, ya tambaye shi kai tsaye ko abin da tsohon ya faɗa gaskiya ne. Ya ce masa ya yi tunani, don makon jiya wani abu daban ya gaya masa.

Na so in yi ihu. Bakina ya buɗe, na ji maganar ta taho har maƙogwaro, cewa ƙarya ne, anza ce, ko ita ma bai taɓa ba. Amma ubana ne a kan kujerar, kuma gaban baƙo. Na riƙe ƙyauren ƙofa da hannu biyu ina addu'a maigida ya yi abin da ni na kasa. Kalma ɗaya ce, kuma shi ke da gaskiya.

Bai ɗago kai ba. Ya ce da faransanci, a hankali, yadda Baba ya faɗa haka ne. Sannan ya maimaita da Hausa don Baba ya ji: "Yadda Baba ya faɗa haka ne."

Likitan ya daɗe yana kallonsu su biyun. Ina jin ya gane akwai wani abu, don ba wawa ba ne, amma bai san inda zai kama ba. Ya ce ya yi baƙin ciki, ba zai iya sa hannu ba, kuma abin da ya ce zai gaya wa biro zai gaya musu. Ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Maigida ya sa takalminsa ya fita ta gefena ko kallona bai yi ba, ya nufi wajen da ya ajiye kamyo don ya mai da makulli.

Ni na raka Baba tasha. Ina tafe a bayansa ina kallon ƙeyarsa, raina na tafasa, ina shirya maganganun da na san ba zan taɓa faɗa ba. Ina kuma lissafin gidaje uku da abin da za su ci in wata ya ƙare.

Motar Dakusa ta kusa cika. Na durƙusa in yi masa sallama, sai ya tsaya, bai dube ni ba, yana kallon sandarsa. Ya ce, "Uwarki ta gaya mini komai. Na san abin da ake so in ce. Tun daga gida na taho da shi a bakina, ina ta maimaitawa a mota." Sannan ya ce, "Da ni da Nasaran ne kaɗai, da na faɗa. Sai na ga yaron nan tsugune. Na ce yanzu a gabansa zan ce abin da na ba shi bai ciwu ba."

Tun da aka haife ni bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Na ce, "Baba, likitan sai gobe zai tafi. Mu koma, in roƙi majo ka shiga kai kaɗai."

Ya ce, "In koma in ce na yi ƙarya? Shi kuma da ya gaskata ni, ya zama me?"

Direba ya buga jikin mota yana kiran ƴan Dakusa. Baba ya miƙa sandarsa aka karɓa, ya kama ƙarfe zai hau, hannunsa ya kasa ɗaga shi, sai da mutum biyu suka jawo shi sama. Ya zauna a kan wani buhu ya juya mini baya. Ina durƙushe a wurin har motar ta fita daga tasha, sannan na tashi na kama hanyar gida, inda maigida ke zaune ba aiki.